Daga Tukwanen Walsingham zuwa Tanderun Woking: Yadda Ingila Ta Koma Ƙona Gawa

A shekarar 1658, ko gab da ita, wasu masu haƙa a wata gona da ke Walsingham, a yankin Norfolk na gabashin Ingila, suka ci karo da tukwanen ƙasa tsakanin 40 zuwa 50, a binne cikin rairayi kusa da juna, zurfinsu bai kai yadi guda ba. Da aka leƙa ciki sai ga ƙonannun ƙasusuwan mutane: guntayen ƙoƙon kai, haƙora, ƙashin haƙarƙari da na cinya. A wasu tukwanen an tarar da mataji, a wasu kuma ɗan hantsaki na tagulla. Labari ya kai kunnen wani likita a birnin Norwich mai suna Thomas Browne, wanda ya yi karatu a Faransa da Italiya da Holan, kuma ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar kayan mutanen da. Ya duba wasu daga cikin tukwanen da idonsa, a cikin shekarar nan ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Hydriotaphia, wanda aka fi sani da Urn Burial. Har gobe ana karanta shi a jami'o'i saboda daɗin Turancinsa.

Sai dai Browne bai gano masu tukwanen ba. Ya ɗauka Rumawa ne, waɗanda suka mulki Birtaniya kusan ƙarni huɗu. Daga baya ne masu binciken kayan tarihi suka tabbatar cewa na Anglo-Sakson ne, ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5, wato kakannin Browne ɗin kansa. Al'adar ta ɓace sarai, har masani irinsa bai gane cewa nasa ne suka yi ta ba. Yau ga shi a Ingilar dai, kusan kashi 80 cikin 100 na mamata ƙone su ake yi. Jin abin kaɗai na tayar mana da tsikar jiki, amma ya kamata mu san yadda aka iso nan, domin 'yan'uwanmu da yawa a can suke zaune, a can kuma ajali ke riskar wasunsu.

A wani tudu da ake kira Spong Hill, shi ma a Norfolk, an yi kusan shekara goma ana tono tun daga 1972, aka fito da tukwane fiye da 2,000 masu ɗauke da ƙonannun ƙasusuwa. Da yawansu an yi musu zane, an danna musu hatimi tun yumɓu na ɗanye. Wasu mamatan an ƙone su tare da doki, ko tunkiya, ko kare. Zuwa ƙarni na 7 al'adar ta fara ja da baya, Kiristanci kuma ya ƙarasa ta. Augustine, manzon Fafaroma, ya sauka Kent a 597, sarakuna suka riƙa karɓar sabon addinin ɗaya bayan ɗaya. Kiristoci sun gaji binnewa daga Yahudawa. A wurinsu mamaci kwantar da shi ake yi ya jira tashin ƙiyama. Can a nahiyar Turai ma, Sarki Charlemagne ya kafa wa Saksonawan Jamus doka a ƙarshen ƙarni na 8, cewa duk wanda ya ƙona gawa irin yadda kakanninsa ke yi, kisa ne hukuncinsa.

Daga nan wuta ta koma kayan hukunci. A 1401 majalisar Ingila ta yi dokar ƙona duk wanda coci ya samu da karkacewar aƙida. John Wycliffe, malamin Oxford wanda shi da almajiransa suka fara juya Baibul gaba ɗaya zuwa Turanci, ya yi mutuwar Allah da Annabi a 1384, aka binne shi a Lutterworth. Bayan shekara 44, a 1428, bisa umurnin coci aka tone kabarin, aka ƙone ƙasusuwan, aka zuba tokar a kogin Swift, don kada a bar masa wurin da wani zai ziyarta. A zamanin Sarauniya Mary ta ɗaya, tsakanin 1555 da 1558, an ƙone 'yan Furotesta kusan 280 da ransu, har da Thomas Cranmer, babban limamin Canterbury. Mutumin Ingila na wancan lokaci in ya ji an haɗa wuta da jikin ɗan Adam, wulaƙanci da azabar lahira ne ke zuwar masa a rai.

Kalmomin al'adar ne kaɗai suka saura, su ma a bakin masu ilmi. Akwai inurn, wato zuba tokar mamaci a tulu, wadda ta fito a wasan Hamlet na Shakespeare a bugun 1623. Amma sarkin da ake magana a kansa ba ƙone shi aka yi ba, yana kwance ne a kabarin dutse, kuma a bugun da suka gabata kalmar binnewa ta yau da kullum ce a gurbin. Tulun kansa ya zama ado. Masu sassaƙar dutse na ƙarni na 18 da na 19 sukan ɗora siffarsa a kan kabari, rabinsa lulluɓe da mayafin dutse, alhali mamacin na ƙasa cikin akwatinsa, tulun kuwa ko ƙwayar toka babu a ciki.

Browne bai yi kira a koma ƙona gawa ba, Kirista ne mai riƙo da cocinsa. Amma ya lura a littafin cewa wanda aka ƙone ya tsira daga abu guda: a tone shi a yi wasa da ƙoƙon kansa. Ya rasu a 1682, aka binne shi a cocin St Peter Mancroft a Norwich. A 1840 masu haƙa wani kabari suka fasa akwatinsa bisa kuskure, aka ɗauke ƙoƙon kan, ya ƙare a ɗakin nuna kayan tarihi na asibitin garin. Sai a 1922 aka mayar da shi wurinsa.

Jefi-jefi akan sami wanda aka ƙone. Mawaƙin nan Shelley ya nutse a tekun Italiya a 1822. Dokar tsaron annoba ta wurin ta hana a ɗauki gawar da ruwa ya tofo, sai abokansa, ciki har da Byron, suka ƙone ta a bakin gaɓa kusa da Viareggio, aka kai tokar birnin Rum. Mutanen Ingila sun ji labarin a matsayin abin mawaƙa da baƙin wurare. Abin da ya girgiza su da gaske a gida ya faru, a tsakiyar Landan.

A 1801 mutanen Landan wajen miliyan 1 ne. Zuwa 1851 sun haura miliyan 2. Maƙabartun kuwa su ne dai ƙananan filayen harabar coci na tun kaka da kakanni. Mai haƙa kabari ba ya samun ƙasa ɗanya, sai ya sari akwatin da aka binne bara, ya kakkarya abin da ya tarar, ya kau da shi gefe, ya sa sabo. Katakon akwatunan yakan ƙare a murhun talakawa. Wani likita mai suna George Alfred Walker, wanda ke aiki a unguwar Drury Lane, ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da idonsa ya gani a littafinsa na 1839, Gatherings from Graveyards. Wanda ya fi muni shi ne wani ƙaramin coci mai suna Enon, kusa da titin Strand. Limamin yana karɓar sule 15 ya binne mutum a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tsakanin gawarwaki da masu ibada kuwa dandamalin katako ne kawai. Masu fafutuka na lokacin sun ce gawa wajen 12,000 aka cusa a wurin. Ranar Lahadi masu ibada kan suma don wari, yaran makarantar coci na karatu wasu baƙaƙen ƙwari na fitowa ta tsakanin katako. Bayan mutuwar limamin aka rufe cocin, wasu suka mai da shi gidan rawa, gawarwakin na nan a ƙasa, har sai da Walker ya kama hayar ginin ya kwashe su da kuɗinsa zuwa maƙabartar Norwood.

Likitocin zamanin sun yi imani cewa wari ne ke haddasa cuta. Ba su yi daidai ba, gurɓataccen ruwa ne ke yaɗa kwalara, amma tsoron ya yi aiki. Kwalarar 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 14,000 a Landan, a 1852 kuma majalisa ta ba gwamnati ikon rufe maƙabartun cikin gari. Tun kafin nan an fara buɗe manya a bayan gari, kamar Kensal Green a 1833 da Highgate a 1839. A 1854 aka buɗe Brookwood kusa da garin Woking, mil 25 daga Landan, da jirgin ƙasa nata na musamman wanda ke tashi daga gefen tashar Waterloo ɗauke da akwatuna da masu rakiya. Har gawa tikiti ake yankar mata, na aji ɗaya, na biyu ko na uku. Jirgin ya yi ta aiki har 1941, lokacin da bam ɗin Jamus ya rusa tasharsa.

A nan akwai abin lura. Matsalar cunkoso an riga an yi mata magani ta hanyar binnewar kanta, shekara ashirin kafin masu son ƙonawa su ɗaga murya. Saboda haka idan aka ce tsafta ce kaɗai ta kai Ingila ga tanderu, ban yarda ba. Akwai tsadar jana'izar zamanin, mai baƙaƙen dawaki da gashin jimina da 'yan makoki na haya, wadda ke jefa gwauruwa cikin bashi. Akwai tsoron a binne mutum da sauran numfashi. Akwai kuma sabbin masu ilmi da ke ganin lokaci ya yi da likita da injiniya za su karɓi al'amarin gawa daga hannun limami.

Gaba-gaba a cikinsu shi ne Sir Henry Thompson, likitan tiyata, gwanin cire tsakuwar mafitsara, wanda ya yi wa Sarki Leopold na Beljiyam aiki a 1863. A babban baje-kolin Viyana na 1873 ya ga tanderun da wani farfesa ɗan Italiya mai suna Brunetti ya ƙera, da tokar da ta fito daga cikinsa. Ya dawo gida abin na ransa. A Janairun 1874 ya buga maƙala a mujallar Contemporary Review yana kira a daina binnewa. Bai tsaya kan lafiya da sauƙin kuɗi ba, har lissafi ya yi na yawan takin da za a samu daga tokar mamatan Landan, a ƙasar da ke sayen ƙashi daga waje don gonakinta. Wannan lissafi ya jawo masa zagi fiye da komai, kuma ya cancanci zagin. Mutumin da ya kalli gawar uwar wani ya ga buhun taki, ilminsa ya wuce da shi inda bai kamata ba.

Ranar 13 ga Janairun 1874 ya tara abokansa a gidansa da ke titin Wimpole, suka sa hannu a takardar da ta haifi Ƙungiyar Ƙona Gawa ta Ingila. Cikinsu akwai marubuci Anthony Trollope, da masu zane John Everett Millais da John Tenniel. Coci ya tashi tsaye. Bishop na Lincoln, Christopher Wordsworth, ya hau mumbarin Westminster Abbey a shekarar ya ce wannan aikin arna ne, kuma zai raunana imanin jama'a da tashin matattu. Masu goyon bayan ƙonawa suka mayar masa da tambaya: to shahidan coci da aka ƙone da ransu fa, su ba za su tashi ba ke nan? Ana cikin wannan ja-in-ja wasu ƙasashe suka wuce gaba. Milan ta ƙone gawarta ta farko a Janairun 1876, wani likita mai suna LeMoyne ya gina tanderu a jihar Pennsylvania ta Amurka a shekarar, garin Gotha na Jamus ya bi a 1878.

A 1878 ƙungiyar ta sayi eka guda a Woking, aka ɗauko Farfesa Paolo Gorini daga Lodi ta Italiya ya tsaya a kan ginin. Ranar 17 ga Maris 1879 aka gwada tanderun da mushen doki, ya cinye shi cikin ƙasa da awa biyu. Mutanen unguwar, limaminsu na gaba, suka kai ƙara wurin ministan harkokin cikin gida, Richard Cross. Shi kuwa ba maganar tashin ƙiyama ce ta dame shi ba. Zamani ne na guba, ana sayen asinik a kanti, kuma sau da yawa ta hanyar tone gawa ake kama mai kisa. In an ƙone ta, ina shaida? Ya gargaɗe su cewa in suka sa mutum a ciki za su gamu da hukuma. Tanderun ya yi shekara shida a rufe.

Wanda ya buɗe ƙofar ba ɗan ƙungiyar ba ne, kuma da wuya su so a haɗa su da shi. Dokta William Price likita ne a garin Llantrisant na ƙasar Wales, an haife shi a 1800. Ya shiga gwagwarmayar talakawa masu neman ƙuri'a har ya tsere Faransa a 1839. Ba ya cin nama, bai yarda da ɗaurin aure ba, yana yawo da koren kaya da hular fatar yanyawa, yana cewa shi ne magajin limaman gargajiyar Wales na kafin zuwan Rumawa. Yana da shekara 83 aka haifa masa ɗa, ya raɗa masa suna Iesu Grist, wato Yesu Kiristi da harshensu, abin da ya ƙona ran maƙwabtansa. Yaron ya rasu yana da wata biyar. Da yammacin Lahadi 13 ga Janairun 1884, shekara goma cif bayan taron gidan Thompson, tsohon ya naɗe gawar a farin ƙyalle, ya hau tudun da ke saman garin, ya sa ta cikin gangar kananzir, ya cinna wuta. Mutane na fitowa daga coci suka hango harshen wuta a kan tudu. Suka ruga, suka kifar da gangar, aka zaro gawar, kuma ba don 'yan sanda ba da sun halaka shi a wurin.

Aka gurfanar da shi a Cardiff cikin Fabrairu, gaban Mai shari'a James Fitzjames Stephen, ɗaya daga cikin manyan masana dokar laifuka na ƙasar. Binciken likita ya nuna yaron mutuwar Allah ya yi. Price ya tsaya wa kansa, ba lauya. Alƙali ya duba littattafansa ya ce bai ga inda doka ta hana ƙona gawa ba, kuma abin da doka ba ta hana ba, ba ya zama laifi don kawai mutane na ƙyamarsa, matuƙar ba a yi shi ta yadda zai cutar da jama'a ba. Aka sallami Price, cikin Maris ya koma tudun ya ƙarasa abin da ya fara. Da shi ma ya mutu a 1893, a kan tudun nan aka ƙone shi, mutum wajen 20,000 na kallo.

Majalisa dai ta ƙi. An kawo ƙudurin tsara al'amarin a Afrilun 1884, ya faɗi da ƙuri'a 149 a kan 79. Amma hukuncin Stephen ya ishi ƙungiyar. Ranar 26 ga Maris 1885 aka ƙone gawar wata mai zane, Jeannette Pickersgill, a Woking. A duk shekarar mutum 3 aka ƙone, cikin mamata kusan 600,000. Shekara mai bi 10. Manchester ta buɗe nata gidan a 1892, Glasgow a 1895, Liverpool a 1896, Hull kuma a 1901, wanda shi ne na farko da ƙaramar hukuma ta gina. Sai a 1902 aka yi doka, ƙa'idojinta suka tanadi sa hannun likita biyu, da na uku mai duba takardunsu, duk don toshe ƙofar da Cross ya ji tsoro.

To, an ƙone, yaya za a yi da tokar? Mutanen farko ba su iya rabuwa da kabari gaba ɗaya ba. A Golders Green da ke arewacin Landan, wanda aka buɗe a 1902, inda aka ƙone Thompson kansa a 1904, an gina dogayen ɗakuna masu ƙananan tagogi jere a bango daga ƙasa har sama, kowace taga da tulunta da sunan mai ita. Sunan irin wannan gini columbarium, daga Rumawa aka aro shi, asalinsa kuwa ɗakin tattabaru ne. Duk wanda ya ga tukwanen tattabaru jere a jikin katangar gida a Kano ko Zariya ya ga fasalinsa. A nan tsohuwar kalmar nan ta zamanin Shakespeare, inurn, ta sami aikinta na zahiri, ko da yake a Amurka ta fi kama baki, wurin masu sana'ar jana'iza. A Golders Green tokar Bram Stoker take, marubucin Dracula. A nan kuma ta Sigmund Freud take tun 1939, cikin wani tulun Girka mai shekara fiye da 2,000 wanda Gimbiya Marie Bonaparte ta ba shi. Ɓarayi sun yi yunƙurin sace shi a shigowar 2014, ya faɗi ya fashe. Wasu kuwa tun farko ba su so tulu ba. Friedrich Engels, abokin Karl Marx, an ƙone shi a Woking a 1895, aka kai tokar teku daura da Beachy Head.

Wani abu game da Woking ya shafe mu kai tsaye. A 1884, shekarar shari'ar Price, wani masanin harsunan gabas mai suna Gottlieb Leitner, wanda ya daɗe yana koyarwa a Lahore, ya keɓe wa Musulmi fili a maƙabartar Brookwood, na farko irinsa a Birtaniya. A 1889 ya gina masallaci a garin da gudummawar Shah Jahan Begum, sarauniyar Bhopal ta Indiya, masallaci na farko da aka gina tun daga tushe a ƙasar. A Brookwood aka binne Marmaduke Pickthall a 1936 da Abdullahi Yusuf Ali a 1953, waɗanda fassarar Alƙur'aninsu ta Turanci ke cikin gidajenmu da yawa. A yaƙin duniya na farko, sojojin Indiya da aka raunata a Faransa an yi jinyarsu a Brighton. 'Yan Hindu da Sikh 53 da suka mutu a can an ƙone su a kan tudun Patcham bisa addininsu, aka zuba tokar a teku. Musulmin kuwa aka kai su Woking, aka yi musu salla, aka binne su. Siyasa na ciki, don Jamus na yaɗa cewa Ingila na wulaƙanta gawar Musulmi. Duk da haka abin da aka yi shi ne daidai: kowa aka sallame shi ta hanyar da ya yi imani da ita.

Har zuwa 1930 waɗanda ake ƙonewa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ne abin ya ɓalle. Ƙananan hukumomi na neman filin gina gidaje, kula da maƙabarta kuma na cin kuɗi, sai suka duƙufa gina tanderu. Iyalai sun warwatsu, ba mai zama kusa da kabarin kakansa. William Temple, babban limamin Canterbury, an ƙone shi a 1944, abin da ya kwantar da hankalin mabiya cocin Ingila. Cocin Katolika, wanda ya haramta abin a 1886, ya sassauta a 1963. A 1968 waɗanda aka ƙone suka fi waɗanda aka binne yawa a karon farko.

Yadda ake yi a yau ba shi da tsawo. Iyali na samun rabin awa ko fiye kaɗan a ɗakin addu'a, a ja labule ya rufe akwati, su fita ta wata ƙofa, masu jiran layi su shigo ta wata. A bayan labule ana tura akwatin cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, na kimanin awa ɗaya da rabi. Abin da ke saura ba toka ba ce irin ta murhu, guntayen ƙashi ne, kamar dai waɗanda Browne ya gani. Sai a tsince ƙusoshi da ƙarafan tiyata, a zuba sauran a injin niƙa, ya fito gari mai nauyin kilo 2 zuwa 3. Sau da yawa a robar da ke da murfi ake miƙa shi. Mafi yawan iyalai tafiya suke yi da shi, wasu su watsa a lambu ko kogi ko kan dutse, wasu su ajiye a falo, wasu kuma ba sa dawowa karɓa sam, ya yi shekaru a kantar mai jana'iza. Wannan ne ya sa fadar Fafaroma ta fitar da umurni a 2016 cewa Katolika ya ajiye tokar a wuri mai tsarki, kada a watsa ta, kada a raba ta tsakanin dangi.

Tsoron Richard Cross kuwa ya tabbata bayan shekara 120. Harold Shipman likita ne a garin Hyde kusa da Manchester, yana kashe majinyatansa, yawanci tsofaffin mata, da allurar dayamofin, ya cike takardar ƙonawa, likita na biyu ya sa hannu bisa yarda da abokin aiki. A 1998 ya kashe wata tsohuwa mai shekara 81, ya ƙirƙiri wasiyyar jabu da ta bar masa dukiyarta, har aka nuna a ciki wai tana son a ƙone ta. Iyalinta binne ta suka yi. Da aka tone gawar aka sami gubar a jikinta. Kotu ta same shi da kisan mutum 15 a 2000, kwamitin binciken Mai shari'a Janet Smith kuma ya gano fiye da 200. Da an ƙone wannan baiwar Allah, wa ya san iyakar inda zai kai? Sai a Satumban 2024 dokar Ingila da Wales ta wajabta cewa duk mutuwar da ba ta je gaban mai binciken gawa ba, wani likita mai zaman kansa ya duba ta.

A wurin Musulmi maganar ba ta da ja. Wanka, likkafani, salla da binnewa haƙƙin mamaci ne a kan al'umma, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Labarin hankakan da ya koya wa ɗan Adamu binne ɗan'uwansa yana cikin Suratul Ma'ida. Yahudawa masu riƙo da addininsu da cocin Otodoks su ma ba su yarda da ƙonawa ba. Abin da Mai shari'a Stephen ya ba mutane a 1884 dama ce ta zaɓi, amma abin da ya zama ruwan dare yakan so ya rikiɗe ya zama tilas. A Maris 2020, da korona ta shigo, daftarin dokar gaggawa ta Birtaniya ya so ba ƙananan hukumomi ikon da zai iya kaiwa ga ƙone gawa ba da son iyali ba. Musulmi da Yahudawa suka haɗa murya, 'yar majalisa Naz Shah ta Bradford ta kawo gyara, gwamnati ta ja da baya ta sa sharaɗin kula da addinin mamaci. A Sri Lanka ba a yi wannan sa'a ba: daga Afrilun 2020 zuwa Fabrairun 2021 an ƙone gawarwakin Musulmi a kan dole, har da jariri ɗan kwana 20, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da haɗari. Gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a Yulin 2024. A gida ma, jihar Legas ta yi doka a 2013 da ta halatta ƙona gawa ga mai so, da kuma gawar da aka rasa mai ita.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata mai ɗan'uwa a Ingila ya riƙe. Idan mutum ya mutu can ba a sami wanda zai ɗauki nauyin jana'izarsa ba, ƙaramar hukuma ce ke yi, kuma galibi ƙonawa take zaɓa don ta fi araha. Amma dokar lafiyar jama'a ta 1984, a sashe na 46, ta hana ta ƙone wanda take da dalilin zaton bai so hakan ba. Don haka ɗalibinmu, da mai aikin jinya, da direban da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya a Landan ko Birmingham, ya rubuta a takarda cewa binnewa yake so, ya sa hannu, ya ajiye ɗaya a ɗakinsa, ya ba masallaci ko cocin unguwarsu ɗaya, ya kuma shiga asusun jana'izar jama'arsa in akwai. Ku da ke gida, ku tuna masa.